Hannun Ɗan Lado

Har yau in ana wani sha'ani a Magariya aka jawo mini doki don girmamawa, sai in ce na gode, a mayar da shi turke. Samari su koma gefe suna raɗe-raɗe, wai tsoho Muttaƙa tun da ya tuƙa jirgin sama ya raina abin hawan iyayensa. Su yi ta faɗa. Waɗanda ko majayin sirdi ba su iya ɗaurewa ba su ne za su gaya mini darajar doki? Ni da na yi shekara goma sha ɗaya bisa sirdi ina kai wasiƙun bariki, daga Magariya zuwa Dungas, daga Dungas zuwa Guci, in biyo ta Waca in dawo, rani da damina.

Aikin gado na yi. Mahaifina, Lado Mai Wasiƙa, shi ya riƙe hanyar nan kafin ni, sai da gwiwoyinsa suka gaza ya koma Waca yana noman gyaɗa. Bai tara dukiya ba, bai yi karatu mai zurfi ba, abu ɗaya kawai yake tinƙaho da shi: doki bai taɓa kai gwiwa ƙasa a ƙarƙashinsa ba, haka ubansa, haka ni ɗansa. Wanda bai san hanyarmu ba zai ce wannan ba komai ba ne. Rairayi ce cike da ramukan kurege da na gafiya, doki ba ya wuni bai yi tuntuɓe ba. Tun ƙafata ba ta kai likkafa ba Baba ya ɗora ni a sirdi ya ce, "In ya yi tuntuɓe ɗaga masa kai. Salati daga baya." Duk sanda na yi jinkiri sai tsumagiya ta sauka a bayan hannuna. Kafin in yi gemu hannun nan ya daina jiran umarnina, doki na dulmiyawa gaba shi ya riga ya fizgo linzami.

Dokina a lokacin Bidi ne. Goɗiyar Baba ta haife shi a gaban idonsa, shi ya hore shi da kansa, ranar da ya miƙa mini ragamarsa kuwa sai da ya juya baya don kada in ga fuskarsa. In na iso Waca da la'asar nakan saki Bidi da sukuwa tun daga bakin gonaki. Baba yana zaune gindin gawo da tsararrakinsa, sai ya nuna ni da baki ya ce musu, "Ku dubi hannun nan."

A shekarar da aka yi ƙuri'ar wi da no, wato i ko a'a ga zama da Faransa, kumandan, Baturen mulki, ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce daga wata mai kamawa kamiyo, babbar mota, zai riƙa ɗaukar wasiƙu. Maganar ke nan, ko zama bai ce in yi ba. Na fito na tarar da Bidi ɗaure jikin itace yana korar ƙuda da wutsiya, na tsaya ina kallonsa na rasa abin da zan yi da shi, na rasa abin da zan yi da kaina.

A daminar ce kuma fara ta sauko. Masu yaƙi da fara suka aiko da ɗan jirgi mai kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, fikafikansa na yadi ne da aka shafe da fenti ruwan ɗorawa. Aka share masa fili a bayan gari. Matuƙinsa wani dogon Bafaranshe ne da mutane suka sa wa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa, da wuta ko babu. Aikinsa ya gano inda fara ta kwana ya gaya wa masu zuba magani. Sai dai daga sama duk ƙauyukanmu ɗaya ne a idonsa. Ya je ya ga fara a Guci, ya dawo ya ce Sassumbrum, a kwashi mutane a kai su inda babu ko ƙwaro. Aka ce a nemo masa wanda ya san ƙasa. Ni kuwa babu rijiyar da ban shayar da doki a bakinta ba, ga ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal, makarantar boko.

Mako uku ina nuna masa hanya, ban taɓa yin amai ba, abin da ya ba shi mamaki. Wata rana bayan mun sauka ya ce, "Muttaƙa, gwamnati tana son 'yan ƙasa su koyi tuƙi. In ka iya kafin in tafi bayan kaka, zan sa hannu a takardarka ka je Damagaram ka karɓi birebe, shaidar matuƙi. In ba ka iya ba, ba zan sa ba, ko kumandan ya roƙe ni."

Na gane sarai. In ya sa hannu ina da sana'a. In bai sa ba, babu wasiƙu, babu jirgi, sai in ja Bidi in koma Waca in zauna gaban Baba, ƙato mai mata, ina jiran tuwon gidansa.

Farkon koyon daɗi ya yi mini. Ni a gaba, shi a baya, kowa da sandar tuƙi tsakanin gwiwoyinsa, sandunan biyu haɗe suke ta ƙasa, in ka motsa ɗaya ɗayar ma ta motsa. Ka ja jirgi ya ɗaga hanci, ka tura ya sunkuyar. Mai Lofe ya ce bai taɓa ganin ɗalibi mai laushin hannu kamata ba. Da na je Waca na ba Baba labari, tambaya ɗaya ya yi mini.

"Abiyon nan, jirgin naku, yana da linzami?"

"Yana da sanda, Baba. In ka ja ya ɗaga kai."

"To ai shi ke nan," ya ce. "Hannunka zai riƙe shi."

Sai ranar da Mai Lofe ya zaunar da ni ƙarƙashin fiffike ya ce yau za mu koyi faɗuwa. Na ɗauka Faransancina ne ya gaza. Ya maimaita. Ya ce ba inji ke riƙe jirgi a sama ba, iskar da ke bin fikafikai ce. In gudu ya ragu ƙwarai, ko ka ɗaga hanci fiye da kima, iskar sai ta sake su, jirgi ya zama buhun gyaɗa. Su suna ce wa abin dekroshaj. Mai neman fara kuwa ƙasa-ƙasa yake tafiya a hankali yana ta juyi, ba makawa wata rana abin ya same shi. Don haka za mu hau can sama mu jawo shi da gangan, har in saba.

"In ya faɗi me ake yi?" na tambaya.

"Ka tura sanda gaba."

"Gaba? Ai gaba ƙasa ke nan!"

"Ƙasa ke nan. Ka nufe ta da hanci har gudu ya dawo, ka ba da wuta, sannan ka ɗago a hankali. In ka ja, ka kashe mu."

Na dube shi na ga ba wasa yake ba. Mutum yana faɗuwa a ce masa ya ƙara nufar ƙasa! Amma na ce to, na maimaita masa sau uku kamar karatun allo.

Muka tashi da sanyin safiya, muka hau har shanu suka koma kamar ƙwayar wake a faranti. Ya rage wuta. Ƙarar inji ta kwanta, ya ce in riƙa jan sanda kaɗan-kaɗan. Hanci ya ɗaga har na daina ganin ƙasa, sai sama fetal. Kukan iska ya yi ta raguwa, ya mutu. Tun da na fara hawa jirgi ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har bugun zuciyata nake ji. Sandar ta yi lagwab a hannuna. Sai jirgin ya kama kyarma kamar mai masassara, kujera ta zame daga ƙarƙashina, hancin ya rufta.

Abin da ya biyo baya guntu-guntu na riƙe shi. Fiffiken hagu ya nutse. Ƙasa ta taso ta cika mini ido, ta fara juyawa, gona, rijiya, bukkoki, gona, rijiya, bukkoki. Ina jin Mai Lofe yana ihu da Hausar da ya tsinta, "Tura! Tura!" Ni kuwa a raina turawa nake yi iya ƙarfina, ina mamakin me ya sa sandar ta ƙi tafiya. Sai na ji naushi a kunnen dama, wuta ta tashi a idona, hannuna ya saki. Jirgin ya daina juyi, ya miƙa ƙasa tsaye, sannan ya ɗago da nauyin da ya danna ni cikin kujera. Mun yi kusa har na ga wata mata a bakin rijiya ta yar da guga ta ruga da hannu a ka.

Da muka sauka Mai Lofe ya fito ya zauna a ƙasa, a cikin rairayi, shi da ba ya zama sai a kujera. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya ciro lofe daga baki, sai guntun ya biyo, ashe ya datse shi da haƙori.

"Me ya sa ka ja?" ya ce.

"Ban ja ba. Wallahi turawa na yi."

Bai yi gardama ba. Ya miƙo mini tafin hannunsa. Fatar ta saluɓe inda ya yi ta danna tasa sandar da hannu biyu, ni kuma ina riƙe da ita a cikina da hannu ɗaya. Na dubi hannuna na dama yana kwance a cinyata kamar bai san komai ba. Faɗuwar ta tsorata ni, amma wannan ya fi ta, a ce gaɓar jikinka ta yi abin da ta ga dama kai kuma kana rantsuwa ba ta yi ba.

Washegari muka sake, wannan karon mun hau sama ninki biyu, shi kuma ya riƙo ɗan kulki. Na ja. Rana ta uku ma na ja. Duk lokacin nakan tashi ina gaya wa kaina tura, tura, tura, amma da kujera ta zame sai hannun ya yi nasa. A rana ta huɗu bai ko ɗaga murya ba. Ya ce saura kwana ashirin ya tafi, kuma ba zai sa hannu wa mutumin da zai binne kansa a gonar wani ba.

Na koma gida da rana tsaka na zauna ƙarƙashin rumfa, Bidi yana cin harawa a turkensa. Matata Hinda ta kawo mini fura ban taɓa ba. Mace ce mai ido, ba ta da yawan magana amma ba abin da ke wuce ta. Da ta matsa na ba ta labarin duka. Ta zagaya bayana kamar za ta ɗauki wani abu, sai kawai ta hankaɗa kujerar da nake kai. Na dulmiya gaba, na dawo, na buɗe baki zan yi faɗa.

"Malam, dubi hannunka," ta ce.

Yana dunƙule a cikina, ya fizgo linzamin da babu.

"Tun da na zo gidan nan haka kake. Ko gyangyaɗi ka yi ka zabura, sai ka ɗaga wa doki kai. Ni na ɗauka ka sani."

Ban sani ba. Shekara shida muna tare tana kallon abin da ni mai hannun ban taɓa gani ba.

Ni na kawo shawarar abin da muka yi bayan nan, kada a ɗora wa Hinda. Na ce tun da duka ya shigar da abin, duka zai fitar da shi. Muka kifa ƙaramin turminta a kan ɗan tudu yadda zai riƙa gilgiza, na hau na zauna, na kafa muciyarta tsakanin gwiwoyina a matsayin sanda. Ita ta tsaya bayana da tsumagiya. Ta bari sai na shagala, ta tunkuɗa turmin gaba, daidai yadda doki ke yi in ƙafarsa ta faɗa rami. In na tura muciya, shi ke nan. In na ja, ta zuba mini a bayan hannu.

Ranar farko ta ƙi dukan kirki, tana shafa ni kamar mai korar ƙuda, tana ta a'uziyya wai ita ta doki mijinta. Na ce in ba ta doke ni ba ƙasa za ta doke ni, ta zaɓa. Daga nan ta gyara riƙon tsumagiyar. Ina zaton har ta ɗan huce wasu tsofaffin haushi a kaina, don wani dukan ya fi laifin.

A rana ta uku maƙwabcinmu Modu, wani tela Babarbare, ya yi sallama ya leƙo don ya ari gatari. Ya tarar da ni bisa turmi, riƙe da muciya, matata tana tsaye kaina da bulala. Ya tsaya baki buɗe. "Wushe" ɗin gaisuwarsu da ya fara bai ƙarasa ba, ya koma da baya har ya yi karo da danga. Da yamma ya tare ni a ƙofar masallaci ya ja ni gefe, idonsa cike da tausayi.

"Maƙwabcina, kada ka ji kunyata. Akwai wani malami a Sassumbrum, ko shekara goma mace ta yi da mallake mutum yana karyawa."

Na ce masa karatun jirgi nake. Ya girgiza kai ya ce haka dukansu suke cewa.

Kafin mako ya zagayo rabin Magariya ta ji. Ban kula ba. Safe da rana da yamma ina bisa turmi. Hinda ta daina jira sai na hau, ta koma kai mini farmaki ko'ina. Ina alwala ta tunkuɗa ni. Ina cin tuwo ta ja tabarma. Bayan hannuna ya kumbura ya yi baƙi, wurin da tabon tsumagiyar Baba yake ya sake fashewa. A duk kwanakin nan ban ɗora wa Bidi sirdi ba ko sau ɗaya. Filin jirgi kusa ne, da ƙafa nake zuwa. Yakan ɗago kai ya dube ni bisa turmi, ya koma cin harawarsa.

A kwana na tara da fara hawan turmi, can sama, kujera ta zame, na ji hannun ya fara ja, ya tsaya, ya tura. A kwana na sha biyu bai tsaya ba. Hanci ya sunkuya, kukan iska ya dawo, na ba da wuta, na ɗago a hankali. Mai Lofe ya sa na yi sau shida a jere, da wuta, babu wuta, ana juyi hagu, ana juyi dama. Bai yabe ni ba. Ya ce in an san abin na zuwa kowa ma ya iya.

Saura kwana uku ya tafi aka ce fara ta sauka gabas da Sassumbrum. Muka je, ni ke tuƙi. Muka same ta ta rufe gonakin gero na nisan tafiyar rabin wuni, ja-ja, tana motsi. Ya ce in sauka ƙasa-ƙasa in zagaya mu ga iyakarta. Ina cikin juyi a hankali, ido a ƙasa, sai garken ya tashi gaba ɗaya. Muka shiga cikinsa. Ƙarar tamkar ana zuba tsakuwa a kwano, gilashi ya dame da ruwan cikin fara, ban ga komai ba. Ban san na ɗaga hanci ba, ban san gudu ya ragu ba. Kyarmar kawai na ji, sai fiffike ya nutse, ga kan itatuwa nan ƙarƙashinmu.

Ban yi tunanin komai ba. Kafin tsoro ya iso hannun ya riga ya tura, ɗayan ya cusa wuta har ƙarshe. Muka nufi wani ƙaton gawo kai tsaye, ina ganin rassansa ta gefen gilashi suna girma. Iska ta kama fikafikai. Na ɗago. Da muka sauka Magariya muka tarar da ganye maƙale a ƙafar jirgin.

Mai Lofe ya cire ganyen ya juya shi a hannu ya daɗe. Ya ce shi bai ma kai ga taɓa tasa sandar ba. A nan bisa fiffike ya shimfiɗa takardar ya sa hannu. Washegari na tashi ni kaɗai, na zagaya gari sau uku, na sauka. Hinda ta yi guɗa har Modu ya sake leƙowa.

Aka ba ni kwana biyu kafin in wuce Damagaram. Ba wanda nake son ya fara ganin takardar nan sai Baba. Na ɗora wa Bidi sirdi da asuba, ya yi ta rawar ƙafa don ya gaji da turke. Duk hanya a hankali muka yi ta, ina ta shirya yadda zan ba da labarin gawon da ganyen. Abin da ban yi niyyar faɗa ba shi ne zancen turmi da muciya. Raina fari tas, har waƙa nake yi.

Muka iso bakin gonakin Waca da la'asar. An tone gyaɗa, ƙasa ta yi laushi, an tara ta tsibi-tsibi a gefe tana shan rana. Daga nesa na hango gawon da mutanen da ke ƙarƙashinsa, na hango farin rawanin Baba. Na gyara zama na saki Bidi kamar yadda na saba.

Ya tashi da sukuwa mai daɗi. Na ga Baba ya ɗaga kai, na ga ya taɓa na kusa da shi yana nuno ni. Saura taku kamar arba'in ƙafar Bidi ta dama ta faɗa ramin kurege. Sirdi ya zame daga ƙarƙashina.

Na ga hannuna da idona. Ya miƙe gaba har wuyan dokin, ya sakar masa linzamin duka, da sauri, da kyau, ba ko ɗar.

Bidi ya nemi abin da zai tallafe masa kai bai samu ba. Ya tafi da ka, ya wuntsila, ni kuma na tashi sama na faɗi can cikin ƙasar gyaɗa. Na ji ƙarar kafin in taɓa ƙasa, irin ta busasshen kara in an taka shi.

Ko ƙwarzane ban yi ba. Na miƙe bakina cike da rairayi. Bidi yana ƙoƙarin tashi, ya kafa ƙafa uku, ta huɗun tana lilo daga ƙasan gwiwa, ƙashi ya huda fata. Ya koma ya faɗi. Ya sake yunƙurawa. Bai yi haniniya ba, huci kawai yake, yana juyo da ido wajena. Na tsaya kamar an dasa ni, na kasa ko salati.

Dattawan suka taso suna innalillahi. Wani ya kama kafaɗata yana tambaya ko na ji ciwo, wani yana cewa ramin ne, ramin nan ko wane doki sai ya kai shi ƙasa. Shekaru bayan haka na tambayi wani likitan dabbobi, shi ma ya ce mai yiwuwa ko na ja ƙafar ta riga ta karye. Mai yiwuwa ne. Amma ni na san abin da na gani, kuma akwai mutum ɗaya a wurin da ya gan shi tare da ni.

Baba ya zo a ƙarshe, yana dogara sanda, gwiwoyinsa ba sa sauri. Bai dube ni ba. Ya durƙusa da ƙyar gaban Bidi, ya ɗora kan dokin a cinyarsa, ya zare masa linzami daga baki a hankali, ya share masa rairayin da ya cika hancinsa da bakin rigarsa. Ya shafa ƙafar sau ɗaya. Kowa ya san abin da ya rage, ba a barin dabba cikin wannan azaba.

Ni ne mai dokin, aikin nawa ne. Na zaro wuƙata daga ɗamara na matso, hawaye sun rufe mini ido. Takardar Mai Lofe tana aljihun ƙirjina, ina jin kaifin ninkinta a fatata. Na durƙusa na ce, "Baba, matsa kaɗan."

Sai a lokacin ya ɗago. Ba fuskata ya duba ba. Ya dubi hannuna, ya dubi kumburin da sababbin tabon da suka hau kan nasa tsofaffi, ya daɗe yana dubansu. Sannan ya miƙo tafinsa.

"Kawo wuƙar," ya ce. "Wannan hannun ban san shi ba."